Layi Ɗaya, Zamani Uku: Lissafin Ƙera Ƙananan Jiragen Ƙasa

Tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyu na sabon layin dogon Kano zuwa Maraɗi milimita 1,435 ce. Idan aka raba ta gida 87, za a sami milimita 16.5. A kan wannan 'yar tazara da ba ta cika santimita biyu ba ɗimbin ƙananan jiragen ƙasa suke yawo a ɗakunan mutane a Jamus da Amurka da Ingila da Japan. Masu wannan sha'awa galibinsu magidanta ne. Mutum yakan share shekaru yana gina tasha da gada da gari guda a kan tebur, ya shimfiɗa layi, ya sa jirgi mai aiki da lantarki yana kai da kawowa. Abin da ya raba aikinsu da kayan wasan yara shi ne ma'auni: da jirgin, da tashar, da bishiya, da fasinjan da ke jira, duka da adadi ɗaya ake raba girmansu.

A ƙasar Katsina ba a rasa hannu ba. Da kaka ta yi, kara ya bushe, yaran Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukansu kan fere ɓawon kara su soka a farin cikinsa su tayar da mota. Wasu waya suke lanƙwasawa, wasu langa-langa da gwangwanin madara, su yanko taya daga tsohon silifas. Mota ake yi ba jirgi ba, domin ita ido ya saba gani. Tsohon layin dogo ta Funtuwa ya ratsa jihar, sabon kuma zai bi ta Daura da Mashi da Katsina da Jibiya. Daga Dutsin-Ma zuwa Katsina kuwa kimanin kilomita 60 ne, Kurfi tana kan hanya. Jirgin dai yana matsowa kusa. Ga alƙaluman da mai son ya ƙera irinsa a gida zai yi aiki da su, da abin da kowannensu yake nufi.

87: inda adadin ya samo asali

Kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus, wanda aka kafa a 1859, shi ne ya fito da ƙayyadaddun faɗin layi na jiragen wasa a kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891, yadda abin da aka saya bana zai dace da na baɗi. Daga cikin ma'aunan da suka biyo baya akwai wanda ake kira O, inda Ingilishi suka mayar da kowace ƙafa ɗaya milimita 7. Da aka nemi abin da zai shiga ƙaramin ɗaki, sai aka raba wannan biyu, ƙafa ɗaya ta koma milimita 3.5. Ƙafa kuwa milimita 304.8 ce. A raba 304.8 da 3.5, amsa ita ce 87 da 'yan ɗigo. Wannan shi ne ma'aunin HO, wanda ya fi kowanne yaɗuwa a duniya.

Ga manyan ma'aunan, da faɗin layinsu, da tsayin da mutum mai mita 1.7 zai koma a kowanne:

G: 1:22.5, layi milimita 45, mutum santimita 7.6
O na Amurka: 1:48, layi milimita 32, mutum santimita 3.5
S: 1:64, layi milimita 22.5, mutum santimita 2.7
OO: 1:76, layi milimita 16.5, mutum santimita 2.2
HO: 1:87, layi milimita 16.5, mutum santimita 2
TT: 1:120, layi milimita 12, mutum santimita 1.4
N: 1:160, layi milimita 9, mutum santimita 1.1
Z: 1:220, layi milimita 6.5, mutum santimita 0.8

Mai lura zai ga OO da HO layinsu ɗaya amma ma'auninsu ya bambanta. Dalili shi ne jiragen Ingila ƙanana ne a jiki, injinan lantarki na shekarun 1930 kuma ba sa shiga cikinsu idan aka bi 1:87. Sai aka ƙara wa gangar jikin girma zuwa 1:76, aka bar layin yadda yake. A ninka 16.5 sau 76.2, za a sami milimita 1,257, wato layin ya gaza na gaske da milimita 178. Ingilishi sun san da wannan giɓi, kuma yawancinsu sun haƙura da shi har yau. Darasin da ke ciki zai yi mana amfani: ana iya ɗora gangar jikin wani ma'auni a kan layin wani.

1,435 da 1,067 da 762: faɗin layi uku na Arewa

Tarihin jirgin ƙasa a Arewacin Najeriya ya ga faɗin layi iri uku. Layin Baro zuwa Kano, wanda aka fara a 1907 ya iso Kano a 1911, faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, wato milimita 1,067. Haka reshen Zariya zuwa Ƙaura Namoda da ya bi ta Funtuwa da Gusau aka gama a 1929, haka na Kano zuwa Nguru na 1930. Shi ne layin gyaɗa da auduga da fatu. Na biyu shi ne siririn layin Zariya zuwa Jos da Bukuru, mai faɗin milimita 762, wanda aka shimfiɗa saboda kuza, aka kammala a 1914, aka rufe a 1957. Na uku shi ne na yanzu mai milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil na Fotugal yake aikinsa.

Yanzu a ɗauki layin nan mai milimita 16.5, wanda ya fi kowanne sauƙin samu, a gwada shi da ukun.

A ninka 16.5 sau 87, a sami 1,435.5. Sabon layi ke nan, babu ko kuskuren milimita ɗaya.
A ninka 16.5 sau 64, a sami 1,056. Tsohon layin Kano da Funtuwa ke nan, da giɓin milimita 11, kimanin kashi 1 cikin 100.
A ninka 16.5 sau 48, a sami 792. Layin kuza ke nan, da rarar milimita 30, kimanin kashi 4 cikin 100.

Ma'ana, wanda ya mallaki layi ɗaya da inji ɗaya yana iya gina zamani uku na tarihin Arewa, abin da zai canza kawai shi ne adadin da yake raba gangar jiki da gine-gine da shi. Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Masu sha'awar a Niyu Zilan da wasu jihohin Ostireliya, waɗanda jiragensu ma kan milimita 1,067 suke tafiya, sun daɗe suna gini da 1:64 a kan layin 16.5. Haɗin 1:48 da wannan layi kuma shi ne ake kira On30, wanda kamfanin Bachmann ya yaɗa a Amurka tun ƙarshen shekarun 1990.

7,569 da 658,503: fili da nauyi

Inda sabon shiga yake ruɗewa shi ne ɗaukar cewa komai da 87 ake rabawa. Tsayi ne kaɗai ake rabawa da 87. Fili yana da tsawo da faɗi, don haka 87 sau 87 ne, wato 7,569. Murabba'in mita ɗaya a kan tebur yana wakiltar murabba'in mita 7,569, ya ɗara filin ƙwallo guda kaɗan. Nauyi kuma ya haɗa har da kauri, 87 sau uku a jere, wato 658,503.

Kan jirgi mai nauyin tan 100, bisa wannan lissafi, giram 152 zai koma. Amma masu ƙerawa sukan ninka hakan sau biyu ko uku, su cusa ƙarfe a ciki, saboda kan jirgi marar nauyi tayoyinsa sulɓi suke yi a kan layi, ba ya jan komai. Taragu ma haka. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, wadda aka kafa a 1935, ta ba da shawarar nauyin tarago a HO: oza ɗaya, sannan a ƙara rabin oza a kan kowane inci na tsawonsa. Tarago mai santimita 15 zai tashi a giram 113, na fasinja mai santimita 29 kuma kimanin giram 190. Wannan ya shafi mai aiki da kara da kwali kai tsaye. Taragon kara ba ya kusantar wannan nauyi, da an shiga kwana sai ya yi tsalle ya bar layi. Maganinsa noti biyu ko uku na wajen makanike, a manne su da gam a ƙasan taragon, daidai saman tayoyi, a auna a sikelin mai sayar da zinare ko na kicin.

122 da 244: abin da allon filawud zai ɗauka

Yawancin masu farawa a duniya da allo ɗaya suke farawa, irin wanda kafintocinmu suke kira huɗu da takwas, wato santimita 122 da 244. A HO wannan allo fili ne mai mita 106 da 212, hekta biyu da kwata. A N hekta 7.6 ne. A 1:64 kuwa hekta 1.2 kacal.

Kwana ita ce ke cin fili. Kwanar da aka fi sayarwa a HO tana yin da'ira mai faɗin santimita 91, ta zauna a kan allon da ɗan sarari a gefe. A ninka ta sau 87, faɗinta mita 80 ne, kwanar da babu jirgin fasinja na babban layi da zai iya sha. Idan aka ɗauki kwanar gaske mai faɗin da'ira mita 1,200, a HO tana bukatar kusan mita 14, tsakar gida guda. Dogon tarago a matsattsiyar kwana yakan leƙo waje ta tsakiya, abin ya yi muni a ido, wani lokaci ya sauka. Shi ya sa gajerun taragun kaya suka fi dacewa da ƙaramin allo.

Tsawon jirgi ma abin dubawa ne. Kan jirgi mai mita 20 da taragun fasinja goma masu mita 25 kowanne sun yi mita 270. A HO mita 3.1 ke nan, ya zarce allon. A N mita 1.7 ne. Wanda ya nace sai dogon jirgi irin na Abuja zuwa Kaduna, N ce tasa. Hawa kuma ba a so ya wuce kashi 2 cikin 100, santimita biyu a kowace mita. Kafin layi ya haye kan wani layin a HO sai ya tashi kimanin santimita 8, wato tafiyar mita huɗu a hawa, wata huɗun a gangara. Kewayen allon gaba ɗaya, da kwana biyu da miƙe biyu, mita 5.5 ne. Gada mai hawa biyu ba ta allo ɗaya ba ce.

A gwada da abin da ke gida. Madatsar ruwa ta Zobe da ke kan kogin Karaduwa, wadda aka kammala a 1983, tsawon bangonta mita 2,750, tsayinsa mita 19. A HO tsayin santimita 22 ne, abin da zai yiwu, amma tsawon mita 31.6 ne, allon filawud 13 a jere. Hasumiyar Gobarau ta Katsina, mai kimanin mita 15, santimita 17 za ta koma. Kuka mai mita 20 santimita 23, rumbu mai mita uku santimita 3.4. Abin da ya tashi sama yana shiga tebur, abin da ya miƙe a ƙasa ba ya shiga. Saboda haka masu aikin suke taƙaitawa da gangan: a gina ɓangare ɗaya na madatsa da ƙofar ruwanta, a bar idon mai kallo ya cike sauran.

Layin Kano zuwa Maraɗi sukutum, a HO, kilomita 3.26 zai ci, a N kilomita 1.78. Ko shimfiɗar da ta fi kowace girma a duniya, Miniatur Wunderland ta birnin Hambug, wadda 'yan'uwa biyu, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001, sai da ta naɗe layinta a hawa-hawa cikin tsohon sito. Layin nata ya haura kilomita 15. A ninka sau 87, ya wuce kilomita 1,300, ya fi nisan Legas zuwa Kano ta jirgi, wanda yake kilomita 1,126.

32: gudu da lokaci

Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin mita 27.8 a sakan ɗaya. A HO santimita 32 ke nan a sakan, a N santimita 17. Yawancin yara, da manya ma a ranar farko, sukan murɗa wuta har jirgin ya yi mita ɗaya a sakan, wanda a ma'auni ya haura kilomita 310 a awa. Gwanin ana gane shi ne da iya tafiyar da jirgi a hankali, ya tashi daga tasha ba fizga.

Lokaci shi ne abin da ba ya raguwa. Tunda an raba nisa da 87, an raba gudu da 87, tsawon tafiya yana nan yadda yake. Kano zuwa Maraɗi a gudun 100 awa biyu da minti 50 ne, a kan tebur ma awa biyu da minti 50. A allon filawud jirgin yana kewayowa cikin sakan 17, sai ya zaga kusan sau 600 kafin ya cika wannan nisa. Don haka masu bin jadawalin tashi da sauka suke amfani da agogo mai sauri, misali wanda minti goma na gaske yake nuna awa guda.

145: katako da tsakuwa

A layin zamani, tsakanin kowane abin da ƙarfen yake kwance a kai da na kusa da shi kimanin santimita 60 ne, guda 1,667 a kilomita. A HO tazarar milimita 6.9 ce, guda 145 a kowace mita, kusan 800 a kewayen allo. Tsawon kowanne, mita 2.6, ya koma santimita uku, faɗinsa kusan milimita uku. Tsinken ashana da aka datse kansa ya yi kusa da hakan. A 1:64 adadin yana sauka zuwa 107 a mita, ƙasa da 600 a kewaye.

Ƙarfen layin ana sayar da shi da lamba, 100 ko 83 ko 75, ma'ana tsayinsa a kason inci dubu. Lamba 100 milimita 2.54 ce, a ninka sau 87 ta ba da milimita 221, alhali babban ƙarfen layin zamani milimita 172 ne. Lamba 83, wadda take ba da 183, ta fi kusa. Sai dai tsofaffin taragu na gwanjo tayoyinsu suna da dogon baki, lamba 100 ce take ɗaukarsu ba ƙara.

Tsakuwar ƙarƙashin layi, mai kimanin santimita biyar, ta koma milimita 0.6. Yashin rafi ne da aka tankaɗe da rariya. Ana zuba shi da cokali tsakanin katakan, a share da burushi, a fesa ruwa kaɗan, sannan a ɗiga farin gam na kafinta da aka tsinka da ruwa, a bar shi ya kwana. Jar ƙasa da aka tankaɗe ita ce hanya da bangon gidan ƙasa, kuma babu fentin da zai kama launinta kamar ita kanta.

12: wuta da ƙura da zafi

Jiragen HO na gama-gari da bolt 12 suke aiki. Wutar tana bi ta ƙarfe ɗaya, ta shiga taya, ta juya inji, ta fita ta ɗaya ƙarfen. A rage ta jirgi ya rage gudu, a juya wayoyin ya koma da baya. Inji ɗaya ba kasafai yake jan fiye da rabin amfiya ba, wat 6 ke nan. Ƙaramin batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7 zai riƙe shi awa 14 a lissafin takarda, rabin haka idan ana son batirin ya yi ƙarko. Duk gidan da ke da sola ya wadatu. Mai saye a gwanjo ya kula da abu ɗaya: jiragen HO na Märklin wani tsarin wuta suke bi, mai ɗaukar lantarki ta tsakiyar layi, ba sa tafiya a kan layin sauran kamfanoni.

Tunda ta taya wuta take shiga, ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gaba. Siririyar ƙura a kan ƙarfe ta isa ta tsayar da jirgi, don haka sai da murfi ko zane, da tsumma kafin kowane wasa. Zafi ma yana da nasa lissafi. Tsakanin daren hunturu da ranar bazara a tsakiyar Katsina ana samun bambancin digiri 25 ko fiye. Ƙarfen layi mai mita ɗaya yana miƙewa da kimanin milimita 0.4 a irin wannan. Wanda ya haɗa layinsa ƙam a watan Janairu ba tare da barin 'yar ƙofa a mahaɗa ba, zai tarar ya karkace a Afrilu. Ƙafafun tebur kuma a raba su da ƙasa saboda gara.

Abin da alƙaluman suka nuna

Idan aka tattara, shawara ɗaya take fitowa ga mai farawa a Dutsin-Ma ko Kurfi. Abu uku ne hannu ba zai yi daidai ba: ƙarfen layi, tayoyi, da inji. Su ne na saye, kuma na milimita 16.5 ne suka fi yawa a kasuwar duniya, sabo da tsoho. Sauran duka, taragu da tasha da gada da gari, aikin gida ne. A nan 1:64 ya fi HO dacewa. Mutum yana da santimita 2.7 maimakon 2, ƙofa da taga suna yankuwa da reza ba sai da gilashin ƙara gani ba, ƙananan motocin ƙarfe irin su Hot Wheels da Matchbox da ake samu a kasuwa galibi kusa da wannan ma'auni suke, kuma shi ne yake fitar da tsohon layin Kano da Funtuwa daidai. Ga shi manyan kamfanoni jiragen Turai da Amurka da Japan suke bugawa, don haka tashar Funtuwa da dalar gyaɗa da taragon shanu sai wanda ya san su ne zai ƙera.

Makarantu ma suna da riba a ciki. Allo ɗaya ya ƙunshi rabo da ninki, da murabba'i, da gudu, da lantarki, da miƙewar ƙarfe, duk abin da ake rubutawa a allon aji yara su haddace. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita mai horar da malamai, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura, kowace tana da ɗaliban da za su amfana da irin wannan aiki. Farawar ba ta bukatar ko sisi: a auna ƙofar aji da tef, a raba da 64, a yanka ta a kwali. Ƙofa mai mita biyu za ta fito santimita 3.1, kuma daga ita ake gane girman bango da rufi da dandamalin tasha.